Wagner bai rubuta wa biyola da piyano komai ba, to me za a kaɗa?

Tambaya: Ina koyon biyola, wato gogen Turawa da ya ɗan fi biyolin girma da kaurin murya. Ni da abokiyata mai piyano muna so mu shirya wasan awa ɗaya a kan Richard Wagner, Bajamushen marubucin kiɗa, mutanen da ya tsana da abin da ya bari. Daga ina za mu fara?

Amsa: Ku fara da sanin cewa Wagner bai bar wa kayan kiɗanku biyu wani aiki nasa ba. Shi mutumin opera ne da babbar ƙungiyar makaɗa. A littafinsa na 1869 kan jagorancin makaɗa ma ya yi wa masu biyola gori, cewa yawanci masu biyolin ne da ƙarfinsu ya ƙare. Saboda haka da kiɗan abokan gabansa da na mabiyansa za ku gina shirin, kuma na abokan gaban ya fi kyau nesa ba kusa ba.

A 1850 Wagner ya wallafa maƙala da sunan aro yana zagin Yahudawa a harkar kiɗa, ya kama sunan marubucin kiɗa Mendelssohn, ya kuma soki Meyerbeer ba tare da kama sunansa ba, sannan ya sake fitar da ita da sunansa a 1869. Ku buɗe da Mendelssohn: sonatarsa (dogon kiɗa mai kashi-kashi) ta biyola a C minor, wadda ya kammala a 1824 yana ɗan shekara 15, ba a kuma buga ta ba sai 1966. Tana cin kusan minti 25. Matsalarta ita ce yaron gwanin piyano ne, ya cika wa piyano hannu, musamman a kashi na ƙarshe inda ake jujjuya waƙa ɗaya. Idan mai piyano ta danne fedar dama ba ɗagawa, muryar biyola a tsirkiyar G da D nutsewa take yi. Ta riƙa sauya feda da kowane sauyin amo, ta sassauta hannun hagu. Kada ku rufe murfin piyano gaba ɗaya don maganin wannan. Sautin dusashewa yake yi, ƙarar kuma ba ta raguwa yadda ake zato. Ku ɗora shi a gajeren sanda, wani ya zauna a layin baya ya saurara.

Sai Joseph Joachim, mai biyolin wanda asalinsa Bayahude ne, ya kuma sa hannu tare da Brahms a sanarwar 1860 da ta soki tafarkin Liszt, marubucin kiɗa na ɓangaren Wagner, da mabiyansa. Joachim yana da waƙoƙin Ibraniyawa guda 3, Op. 9 (wato lambar aikin), na biyola da piyano tun asali. A hankali ake tafiya da su, kuma a nan ake gane mai tattalin baka: wanda ya zuba rabin bakansa a bugun farko, numfashi zai ƙare masa kafin jimla ta kai ƙarshe.

Brahms, wanda Wagner ya sha yi wa habaici a rubuce, ya yi sonata biyu na Op. 120 a 1894 domin mai busa kilarinet Richard Mühlfeld, daga baya aka fitar da na biyola. Ɗaya ta ishe ku, in kun bar Joachim. A bugun biyola an saukar da wasu wurare ƙasa, inda piyano ya fi saurin rufe su, shi ya sa makaɗa da yawa suke duba takardar kilarinet su mayar da su sama. Ku yanke shawara wuri bayan wuri, da fensir.

Ta ɓangaren mabiya, sunan da za ku riƙe shi ne Hermann Ritter. Ya ƙirƙiro ƙatuwar biyola mai jikin kusan santimita 48, alhali wadda aka saba ba ta cika wuce 42 ba. Wagner ya yaba mata, Ritter kuma ya kaɗa a bikin opera na Wagner a garin Bayreuth. Liszt, surukin Wagner, ya sadaukar wa Ritter da Romance oubliée a 1880. Minti 5 ba ta cika ba, amma tsallaken tsirkiyu huɗu da ke kusa da ƙarshenta yana tona asirin hannun dama. Daga gwiwar hannu ake juya shi, da baka kaɗan a tsakiya.

Muryar Wagner kansa sai ta hanyar aro. Träume, ɗaya daga waƙoƙin da ya yi da baitocin Mathilde Wesendonck, ita ta fi zama daidai a biyola, don shi ma ya taɓa mayar da ita ta biyolin a 1857. Ku sa ta tsakanin Joachim da Liszt. Mendelssohn, Joachim, Träume da Liszt sun kai kusan minti 50, sauran 10 na bayani ne. A bayanin ku faɗa wa masu sauraro cewa 'yan Nazi sun hana kaɗa Mendelssohn, har aka rushe mutum-mutuminsa a Leipzig a 1936, kuma har yau a Isra'ila ba a saba kaɗa Wagner a bainar jama'a ba.