Yaushe ake kai baƙo Yankari?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na hana ka yi wa baƙi alkawarin ganin dabbobi a watan Agusta, alhali a lokacin ne dajin ya fi kyau. Kyau kam akwai shi. Sai dai wanda ya biya kuɗin mota tun daga Bauchi ba ciyawa ya zo kallo ba.

Ruwa ne ke juya Yankari. Da damina kowane kwari da tafkinsa, dabba ta sha a inda take, me zai fito da ita? Ga ciyawa ta fi mutum tsawo, ɓauna na kwance kusa da kai ba ka sani ba, ga hanya ta yi laka, mota ta kafe. To, bari rani ya tsananta, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Tafkuna sun ƙafe, sai kogin Gaji. Nan za ka samu gwambaza da gwanki da ɓauna suna gangarowa. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, don da tsakar rana kowa yana inuwa.

Giwa kuwa, ko da rani kada ka rantse wa kowa. Daji ne da ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ba a ɗaure take ba. Ka koyi duba ƙasa: kashin da bai bushe ba, reshen da aka karya yana ɗanye, sawu a kan sawun tayar motar jiya. In kun ci karo da garke, kada ka kuskura ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. Da ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, ce wa direba ya ja baya, ko da baƙon yana roƙon hoto ɗaya.

Wanda ya nace sai da damina, gaya masa gaskiya, ka kai shi Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke kusa da sansanin baƙi. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga gindin dutse, garau, kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. Amma kafin ya shiga wanka ka tabbatar ya kulle ɗaki da mota, kuma kada ya riƙe leda a hannu. Gwaggon birin sansanin nan ya san leda, fizgewa yake yi.