Tambaya da Amsa: In nemi jin daɗi ne, ko in rungumi wahala?

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a jami'a, kuma a zangon nan aka koya mana falsafar Girkawan da. Malaminmu ya ce Efikurus yana ganin jin daɗi shi ne manufar rayuwa, mabiya Zino kuwa suka ce a ɗauki wahala ba ƙorafi. Mahaifina ya rasu bara, har yanzu in na yi dariya da ƙawayena sai in ji kamar na yi laifi. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yata, a aji ana jera mutanen nan biyu kamar ba sa ga maciji da juna, amma a kan abin da ke damun ki sun fi kusa fiye da yadda aka nuna miki.

An haifi Efikurus a tsibirin Samos a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen shekara ta 306 ya sayi wani lambu a Atens, ya zauna a ciki da almajiransa, har da mata da bayi, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Maƙiyansa sun yi masa sharrin cewa sharholiya ake yi a lambun. Shi kuwa a wasiƙarsa ga almajirinsa Menoikiyas ya faɗa ƙarara cewa ba shaye-shaye da liyafa yake nufi ba. Jin daɗi a wurinsa shi ne jiki ba ciwo, zuciya ba tashin hankali. Cimarsa gurasa ce da ruwa, har an ruwaito ya roƙi wani abokinsa ya aiko masa da ɗan cuku don ranar da ya so shagali. Ya raba sha'awa gida uku: wadda jiki ke bukata dole, kamar abinci da sutura, wadda ɗabi'a ce amma ba dole ba, kamar abinci mai tsada, da wadda ba ta da tushe, kamar son suna da mulki. Ta ukun ce ke hana barci, don ba ta da iyaka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa. A shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tsakuwar mafitsara ta kama shi, fitsari ya ƙi fita. Yana kan gargara ya rubuta wa abokinsa Idomeniyas cewa azabar ta kai maƙura, amma yana tunkarar ta da farin cikin tuna hirarrakin da suka yi tare. Ya kuma ba shi amanar 'ya'yan amininsa Metrodoras, wanda ya riga shi mutuwa. Ki lura, bai ce ciwon ba ya nan ba. Daɗin da ya tara a zumunci shi ya zame masa guzuri ranar wuya.

Zino kuwa a wata rumfa mai ginshiƙai a kasuwar Atens ya riƙa koyarwa. Wanda na fi so cikin mabiyansa shi ne Efiktitus, bawa ne gurgu da ya sami 'yanci a Rum a ƙarni na 1 miladiyya. Ya ce ki rarrabe abin da ke hannunki, wato niyyarki da hukuncinki, da abin da ba ya hannunki, kamar lafiya, dukiya da ajalin naki. Ya ce in kika yi rashi kada ki ce kin rasa, ki ce kin mayar. A ƙarni na 9 a Bagadaza, Alkindi, masanin falsafa Musulmi, ya rubuta risala kan dabarar kore baƙin ciki, ya kuma bi wannan hanya: duk abin da ke hannunmu aro ne, mai shi na da ikon karɓa.

Amma akwai inda ban bi Efiktitus ba. Ya ce in mutum zai sumbaci ɗansa ya tuna mai mutuwa ne, don kada ya girgiza in ya rasu. Tunawar na yarda da ita, rashin girgizar ne ban yarda ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ko Seneka, wanda shi ma mabiyin Zino ne, da yake yi wa abokinsa Lusiliyas ta'aziyya ya ce kada ido ya bushe, kada kuma ya yi ambaliya, ya ƙara da cewa a yi ƙoƙari tuna mamaci ya koma abu mai daɗi. Seneka ɗin nan ya sha kawo maganganun Efikurus a wasiƙunsa, duk da ba makarantarsu ɗaya ba.

Efikurus ma akwai inda muka rabu da shi, don ya musanta rayuwa bayan mutuwa. Ki karanta shi da wannan a ranki, ki ɗauki abin da ya ce kan rage buri da riƙon aboki.

Dariyar da kike yi da ƙawayenki ba cin amanar mahaifinki ba ce, kuma babu ko ɗaya cikin mutanen nan da zai kira ta laifi. Ki je wurin ƙawayen naki, ki riƙa ba su labarinsa, har abubuwan ban dariya da yakan yi a gida, ki kuma yi masa addu'a da sadaka. In kuwa kika ga barci ko cin abinci ya gagare ki, ko karatu ya ƙi shiga, ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika amince da ita, ku je ku ga likita.