Na yi baftisma, amma zafin zuciya bai bar ni ba

TAMBAYA: Mama, barka da aiki. Shekara 4 ke nan da na karɓi Yesu aka yi mini baftisma. Ina cikin Zumuntar Mata, ba na fashin sujada, amma zuciyata tana nan yadda take. Ran Talata na dawo daga zumunta, ko zanen ban cire ba, na tarar yarinyar da nake riƙo, 'yar ƙanin maigidana, ta kifar da galan ɗin manja. Na zage ta tas, har na ambaci uwarta da ta rasu. Maigidana ya ce, "Abin da ake koya muku ke nan?" Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Mama, anya na sami ceto kuwa?
Wata 'yar'uwa daga Kafanchan

AMSA: 'Yata, sannu. Sau biyu na karanta wasiƙarki, duka biyun a kan maganar uwar yarinyar na tsaya. Manja yana nan a kasuwa. Kalmar nan kuwa ta shiga zuciyar marainiya, ba zan ce miki ƙaramin abu ba ne.

Amma bari in tambaye ki. Kafin ki san Ubangiji, in kin yi irin wannan zagi, barci yana gagararki? Ina jin a'a. Gawa ba ta jin sukar ƙaya. Rashin barcin nan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma a gidan da yake zaune yake yin sa.

Kin san manzo Yohanna, wanda muke kira manzon ƙauna? Shi da ɗan'uwansa Yakubu, Yesu da kansa ya sa musu suna 'ya'yan tsawa. A Luka sura 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, sai su biyun suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye mutanen. Suna tafe da Yesu fa, tuwo ɗaya suke ci da shi. Ya juya ya tsawata musu, amma bai sallame su ba. Sai ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 8: Yohannan nan ne aka aika Samariya tare da Bitrus, ya ɗora wa Samariyawa hannu suka karɓi Ruhu Mai Tsarki, a hanyar komawa Urushalima kuma suka bi ƙauyukansu da bishara. Nakan yi tunani ko har da ƙauyen da ya so a ƙone.

Kakata maginiya ce. Na sha zama ina kallon ta tana cuɗa yumɓu, yatsunta na lalube. Da ta ji tsakuwa sai ta tsaya ta ciro, ko da ba ta kai ƙwayar dawa ba, don ta ce ita ce ke fasa tukunya a wuta. Wani lokaci gini ya kai wuya, ta rushe ta sake. Abin da annabi Irmiya ya gani ke nan a gidan magini, sura 18: tukunya ta lalace a hannun mai ita, bai yar ba, ya sake gina ta. Ni ma bakina ya wahalar da 'ya'yana shekaru da yawa bayan baftismata, har yau akwai wadda nake roƙo gafara in na tuna.

To, ga abin da za ki yi, kuma kafin Lahadi, don Matiyu sura 5 ya ce a fara shiryawa da wanda aka ɓata wa kafin a kai baiko. Ki kira yarinyar, a gaban maigidanki tunda a gabansa aka yi. Kada ki ce "ke ma kin jawo". Ki ce, "Na yi miki laifi, na taɓa mamarki, ki yafe mini." Sannan ki faɗa mata wani abin kirki da kika sani game da uwar tata. Za ki ji nauyi, babba na roƙon ƙaramar yarinya, amma ki daure.

Maganar maigida kuma, kada ki rama. Ki lura da lokacin da fushin ke taso miki, ko da yunwa ne ko da gajiya, ki nemi dattijuwa guda a zumuntarku mai riƙe sirri, ku riƙa addu'a tare duk mako.

Ki sake rubuto mini bayan wata uku. Ina son in ji ko yarinyar ta koma zama kusa da ke a madafa.