Tambaya da Amsa: Faya-fayan CD ɗin Baba sun cika kwali uku, ya zan yi mu riƙa jin su a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara, to ya bar mana faya-fayan CD wajen guda 400 a kwalaye uku, akwai karatun Alƙur'ani, akwai tafsirin azumi na shekaru daban-daban, akwai waƙoƙin gargajiya na kalangu da kuntigi, har da na Larabawa da na Sudan da ya riƙa sayowa in ya je Makka. Yanzu rediyon da ke cin CD ɗin ma ta mutu kuma Hajiyarmu kullum sai ta yi zancen wani karatu da suke saurare tare da asuba. Wani abokina ya ce in sayi wani abu wai shi NAS in zuba su duka a ciki kowa a gidan ya riƙa ji a wayarsa, ni kuma wallahi ban gane kansa ba, kuma ina tsoron in kashe kuɗi a banza. Menene shi, kuma ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ƙara wa Hajiya lafiya da haƙuri.

Abokinka bai yi ƙarya ba amma ya fara maka daga ƙarshe ne. NAS wani ɗan akwati ne da ake saka rumbun ajiya a ciki, wato had dis, guda ɗaya ko biyu ko fiye, sai a jona shi da igiya da rautar gida, wato na'urar da ke raba wayfai, shi kenan duk waya ko kwamfuta ko talabijin da ke kan wayfai ɗin gidan tana iya ganin abin da ke ciki. Kamfanonin da aka fi sani su ne Synology da QNAP. Amma shi ne abu na ƙarshe da za ka saya, kar ka taɓa aljihunka tukuna, aikin gaske yana kan faya-fayan nan kuma su ne ke lalacewa kullum muna nan zaune.

Fara da zazzage kwalayen a kan tabarma ka riƙa juya kowane faifai kana duba cikinsa. Wanda ka ga cikinsa fari tas kamar azurfa, yawanci na kamfani ne, bugawa aka yi, yana da juriya. Wanda kuma ka ga ya ɗan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, galibi an rubuta suna da alƙalamin maka a bayansa ko an liƙa takarda, wannan CD-R ne, a shago aka ƙona shi, bayanan suna zaune ne a kan wani rini da zafi da rana ke kashewa a hankali, kuma ka san zafin ɗakin ajiya a watan Afrilu ba sai na gaya maka ba. Waɗannan su za ka fara kwafa, kuma ina kyautata zaton tafsirin da waƙoƙin gargajiyar duk a nan za su faɗo, su ne kuma in sun tafi ba lallai ka sake samun su a ko'ina ba. Na Makka za su iya jira.

Ka ɗaga faifan ka haska shi da fitilar waya ta baya, in ka ga haske na ɓullowa ta wasu 'yan ƙananan huji kamar an soka allura to wurin ya riga ya tafi. Mutane na ta kaffa-kaffa da ɓangaren da ke sheƙi alhali ƙarzuwar ɓangaren rubutu ta fi muni, don bayanan suna dab da ƙarƙashin rubutun ne. In za ka goge ƙura ka samu ƙyalle mai laushi ka goge daga tsakiya zuwa baki, miƙe, kar ka riƙa zagayawa kamar mai wanke faranti.

Sai kwamfuta. Yawancin laftof ɗin yanzu ba sa zuwa da wurin saka faifai, to ka nemi na waje mai jonawa ta USB, ba shi da wani tsada in aka kwatanta da sauran kayan. Da ka saka faifai ka buɗe shi ka ga me ke ciki, don a kasuwarmu duk abin da yake zagaye yana sheƙi CD ake ce masa alhali iri uku ne. In ka ga fayiloli masu ƙarewa da mp3, an gama, kwafe su kawai za ka yi ka liƙa a folda kamar yadda kake yi da filas. In ka ga folda mai suna MPEGAV da fayil irin AVSEQ01.DAT a ciki, wannan VCD ne, bidiyo ne, shi ma kwafe fayil ɗin za ka yi, manhajar kunna bidiyo da sauti ta VLC na buɗe shi. In kuma ka ga Track01.cda, Track02.cda haka, to wannan shi ne CD ɗin sauti na ainihi kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Ni kaina na taɓa kwafe irin waɗannan na faifai wajen ashirin a dare ɗaya ina ta murna wai kwamfutata akwai gudu, da safe na duba na ga kowane fayil bayit 44 ne kacal, ashe ba sautin ba ne, alama ce kawai da ke nuna inda waƙar ta fara a kan faifan.

Irin wannan sai da manhajar tatsa, wato wadda ke ciro sautin daga faifan ta mayar da shi fayil a kwamfuta. A Windows ni Exact Audio Copy nake ba da shawara, EAC ake ce mata, kyauta ce kuma tun 1998 ake amfani da ita, fuskarta dai ba kyau kamar fom ɗin banki amma tana aiki. Akwai dBpoweramp ta kuɗi wadda ta fi sauƙin sha'ani, masu Mac kuma XLD. Abin da ya sa ba na cewa ka yi da duk manhajar da ka tarar shi ne, rediyo in ta zo wurin da ya ƙarzu cike gurbin take yi da kintace ta wuce kunnenka bai ji ba, manhajar gaggawa kuma sai ta kwafo kuskuren ta ajiye maka shi har abada, kana cikin sauraron karatu ka ji ƙas ƙas. EAC in ka sa ta a tsarin tsanaki komawa take yi ta sake karanta wurin sau da yawa har sai ta gamsu, in ta kasa ta rubuta maka cewa a minti kaza akwai matsala. Akwai kuma AccurateRip da ke gwada abin da ka tatsa da na wasu mutane a duniya masu irin faifan, in ya zo ɗaya ka san naka lafiya lau. Sai dai kar ranka ya ɓaci in ta ce ba ta san faifan ba, faifan da aka ƙona a shagon Kano ko Zariya ba wanda ya taɓa kai rahotonsa can.

Wane tsari za ka ajiye? FLAC. CD ɗin sauti tun da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana ɗauke da sauti a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa, FLAC yana matse shi ya koma wajen rabi ko ɗan fiye ba tare da ya zubar da komai ba, MP3 kuwa yankewa yake yi ya zubar kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Daga FLAC kullum kana iya fitar da MP3 don mota ko ƙaramar wayar Hajiya, daga MP3 ba ka iya komawa. Amma fa waɗanda ka tarar da ma MP3 ne bar su yadda suke, mayar da su FLAC kamar juye ruwan leda ɗaya ne a cikin randa, ruwan bai ƙaru ba wuri kawai ka cinye.

Lissafin wuri ba abin tsoro ba ne. Cikakken faifai a FLAC yakan ci megabayit 300 zuwa 400, ko da duka 400 ɗin na sauti ne ba za ka wuce gigabayit 160 ba, rumbu mai terabayit 1 ya ishe ka har da hotunan biki. Lokaci shi ne tsadar. Ka ƙaddara minti goma kowane faifai, masu ƙarzuwa su fi haka nesa, in kana yin goma kullum bayan isha'i kwana arba'in kenan.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne aikin mutane da yawa ke zama shirme: suna. Faifan Turawa ko na Larabawa da ka saka galibi manhajar za ta leƙa intanet ta cike sunan mai waƙa da na kowace waƙa da kanta, manhajar MusicBrainz Picard ma na taimakawa wajen gyarawa. Namu kuwa ba komai, Track 01 za ka gani har sau ɗari huɗu, kuma ranar da Hajiya ta ce a sa mata karatun nan na asuba ba za ka san ta ina za ka nemo shi ba. Saboda haka kafin ka danna tatsa ka rubuta sunan malami ko mawaƙi, sunan faifan, shekara in akwai, ka kuma tsaya a kan rubutu ɗaya, kar yau ka sa Alh. gobe Alhaji jibi Alhj, manhajar za ta ɗauka mutum uku ne. Ka ɗauki hoton bangon da waya ka ajiye a foldar, musamman in da rubutun hannun Baba a jiki. Waɗanda ba a rubuta komai ba ka kunna wa Hajiya ko ƙannen Baba su gaya maka ko waye, wannan aikin yanzu ake yin sa tun masu sanin suna nan. Haruffanmu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ suna zama lafiya a cikin bayanan FLAC, sai dai wasu rediyoyin mota kan nuna akwati-akwati a madadinsu, don haka ni a sunan fayil nakan bar su ba lanƙwasa.

Sai bayan duk wannan NAS zai shigo. Mai ɗaukar rumbu biyu ya isa, ka saka masa irin rumbun da aka yi don aikin dare da rana kamar WD Red ko Seagate IronWolf, ka ɗora manhajar da ke raba sautin zuwa wayoyi, Jellyfin ko Plex ko manhajar sauti ta kamfanin, kowa ya sauke tata a waya. Wuta bai ci sosai, bai kai fanka ba, amma ba ya son a ɗauke masa ita bagatatan yana cikin rubutu, dole ka haɗa shi da UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko layin inbata, ka kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda ƙurar hunturu. Mai sayarwa zai ce maka rumbu biyun madubin juna ne, RAID 1, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Gaskiya ne, amma in yaro ya goge folda a duka biyun take gogewa, in aka kawo wuta mai ƙarfi duka biyun take gasawa, ni an taɓa yi min haka kuma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Ka sayi wani rumbun na waje daban ka kwafe komai ka kai gidan 'yar'uwarka. Faya-fayan ma kar ka zubar, ka mayar da su kwali a ɗaki mai sanyi. Kuma dan Allah na gida ne, kar a kai wa masu turi a kasuwa, akwai haƙƙin mutane a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni nawa ba su fi faifai talatin ba kuma ba ni da kuɗin wannan akwatin, amma akwai tsohuwar laftof ta mai gidana da batirinta ya kusa mutuwa tana nan ajiye. Za ta yi? Kuma abin zai riƙa shan data ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Hajiya barka kadai, za ta yi har ta yi yawa. Faifai talatin a FLAC wajen gigabayit 12 ne, gaskiya ma ko memorin waya ya ɗauke su, in ke kaɗai ce mai saurare ki tsaya a nan kawai ki huta. In kuma so kike yara da mai gida kowa ya samu, a sa Jellyfin a laftof ɗin, kyauta ce, a shiga saiti a hana ta yin barci in an rufe murfi, a bar ta a jone kusa da rauta. Ɗan batirin nan da kike rainawa ko minti goma yake riƙewa ya ba ki damar kashe ta da kyau in an ɗauke wuta, amma ki sa a duba shi, in ya kumbura a cire shi gaba ɗaya. Wasu rautocin ma suna da ramin USB a baya, ki duba taku, in akwai ana iya soka filas a ciki a kunna rabawa a saitinta, VLC ta waya za ta gan shi.

Batun data kuwa, a'a. Sautin daga laftof yake tashi ya bi ta rauta ya shigo wayarki, bai fita waje ba, ko datar ta ƙare wayfai ɗin na nan yana aiki a tsakanin kayan gida. Data kawai za ki buƙata ranar sauke manhajojin.