Tambaya da Amsa: Sutura da Hoto Suna Maganar Siyasa, ko Burga Ce Kawai?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karantar aikin jarida, kuma ina ɗan taɓa ɗaukar hoto. Kullum sai a ji ana cewa wane ya aika saƙo da kayan da ya sa, wance ta yi magana da launin rigarta, hoto kaza ya girgiza gwamnati. Ƙawata ta ce duk burga ce da neman suna, mai magana ya buɗe baki ya faɗa, riga kuwa riga ce. Ni ina ganin akwai wani abu a ciki, amma na kasa kare ra'ayina. Yaya ake bambanta saƙon gaske da na neman a gani?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ki fara da tambayar ƙawar taki: in riga riga ce kawai, me ya sa masu mulki suke yi mata doka? A 1698 Sarkin Rasha Peter ya sa wa gemu haraji don yana son mutanensa su yi kama da Turawan yamma. A 1925 Mustafa Kemal Ataturk ya kawo dokar hula a Turkiyya, ya kori dara, ya ɗora wa maza malafar Turawa, har an rataye mutane a kan boren da ya biyo baya. A Iran, Reza Shah ya haramta wa mata lulluɓi a 1936, bayan juyin juya halin 1979 kuma sabuwar gwamnati ta mai da shi dole. Mobutu ya hana mazan Zayar sa kwat irin ta Turawa. Waɗannan mutane ba su yarda da juna a kan komai ba, amma duk sun san cewa abin da ke jikin mutum yana faɗin wanda yake bi. Mai mulki ba ya ɓata 'yan sandansa a kan abin da ba ya magana.

Batun a buɗe baki a faɗa kuwa, ai wani lokaci bakin ne aka ɗinke. A Ajantina, lokacin da sojoji ke sace mutane suna ɓatar da su, mata goma sha huɗu suka je dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar gwamnati ranar 30 ga Afrilu, 1977, suna neman labarin 'ya'yansu. An hana taro, don haka 'yan sanda suka ce musu su yi gaba, kada su tsaya. Sai suka yi gaban: suka riƙa zagaya dandalin bibbiyu, kowace Alhamis. Daga baya suka fara ɗaura farin ƙyallen da ake yi wa jarirai ƙunzugu a matsayin ɗankwali. Babu dokar da ta hana tafiya, babu wadda ta hana ɗankwali, amma kowa a ƙasar ya san abin da ake nufi. Haka matasa a China suka yi a Nuwamban 2022, suka ɗaga farar takarda ba rubutu, don nuna gajiyarsu da kullen korona da toshe bakin jama'a. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga ma ya sani. Wahalar gwamnati ita ce, in ta kama mai farar takarda, ta amsa da kanta cewa ta san laifin da ake zarginta da shi.

Daga nan za ki ga yadda abin yake aiki. Saƙon da ba baki yana buƙatar abu biyu: wata al'ada da kowa ya san ana bi, da wanda zai karya ta a gaban waɗanda suka san ta. In babu ƙa'idar da aka saɓa, ado ne kawai. In kuma masu kallo ba su san ƙa'idar ba, mutum ya yi wa kurma raɗa.

Misalin da nake yawan ba ɗalibai shi ne na Nelson Mandela, domin mutum ɗaya ne ya yi magana biyu masu karo da juna, duk da tufafi. A Oktoban 1962, da aka gurfanar da shi a kotu a Pretoria, lauya ne da aka saba gani cikin kwat, amma ya shigo da mayafin fata irin na sarakunan mutanensa. Kafin ya ce uffan ya riga ya sanar da alƙali cewa Ba'afirke ne aka kawo kotun farar fata, kuma bai yarda kotun tana da hurumi a kansa ba. Shekara talatin da uku bayan haka, a Yunin 1995, yana shugaban ƙasa, ya shiga filin Ellis Park na Johannesburg a wasan ƙarshe na kofin duniya na zari-ruga sanye da koriyar jesin Springbok, ƙungiyar ƙasar, mai lamba 6, lambar kyaftin Francois Pienaar. Wannan jesi a idon baƙaƙen Afirka ta Kudu tutar wariyar launin fata ce, har da yawansu kan goyi bayan duk ƙasar da ta zo karawa da ita. Da wani Bature ne ya sa ta ranar, ba wanda zai waiga. Nauyinta ya fito ne daga cewa mutumin da aka ɗaure shekara ashirin da bakwai ne ya sa. Ki lura da wannan sosai: ma'anar ba a cikin yadin take ba, tana tsakanin wanda ya sa, da wurin, da ranar.

Gandhi ya fi kowa nisa a wannan fanni, domin shi ya haɗa sutura da aljihu. Ya yi karatun lauya a Landan cikin kwat, amma a 1921 ya koma ɗaura ɗan guntun zane saƙar hannu. A lokacin ana kwashe audugar Indiya a kai masaƙun Lancashire a Ingila, a dawo da ita yadi a sayar wa Indiyawa. Duk wanda ya kaɗa zarensa ya sa saƙar gida ya rage wa ɗan mulkin mallaka ciniki. A haka ya je fadar Buckingham a 1931. Thomas Sankara ya bi irin wannan hanya a Burkina Faso, inda ya matsa wa ma'aikatan gwamnati su sa saƙar ƙasarsu. A ganina irin wannan shi ne saƙon sutura mafi ƙarfi, saboda ko ba a fahimci habaicin ba, kuɗin ya riga ya sauya hanya.

Hoto kuma nasa ya bambanta. Sutura tana magana da waɗanda ke wurin, hoto yana ɗaukar maganar ya kai ta inda mai ita bai taɓa zuwa ba, ya kuma ajiye ta bayan ransa. Ranar 16 ga Oktoba, 1968, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, Tommie Smith da John Carlos, baƙaƙen Amurka da suka zo na ɗaya da na uku a tseren mita 200, suka hau dandamalin karɓar lamba ba takalmi, sai baƙar safa, alamar talaucin mutanensu. Da aka fara taken Amurka suka sunkuyar da kai, kowa ya ɗaga dunƙulen hannu cikin baƙar safar hannu. In kin duba hoton za ki ga Smith dama ya ɗaga, Carlos hagu, saboda safar hannu ƙafa ɗaya suka raba. Abin bai wuce tsawon taken ƙasa ba. An kore su daga gasar, sun koma gida sun sha barazanar kisa. Ba don hoton ba, da tuni an manta.

Akwai kuma waɗanda suka gane tun da wuri cewa tsayawa gaban kyamara ma magana ce. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta ya zama jagoran yaƙi da ita, ya zauna an ɗauke shi hoto kusan sau 160, fiye da kowane Ba'amurke a ƙarni na 19. Kusan ko'ina cikin kwat yake, fuska a ɗaure, yana kallon mai kallonsa. Da gangan yake ƙin murmushi, don zane-zanen lokacin suna nuna bawa a matsayin wawa mai washe baki, mai jin daɗin halin da yake ciki. A 1955 kuma, da fararen fata suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi ta Amurka, mahaifiyarsa ta ƙi a rufe akwatin gawar, ta kuma bari mujallar Jet ta buga hoton fuskar da aka farfasa. Labarin irin wannan kisa an daɗe ana jin sa, amma gani ya kori ji.

Sai dai kada ki ɗauki hoto a matsayin shaidar da ba ta ƙarya. Mai ɗauka ya zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai bari a waje, da daƙiƙar da zai danna. Edita ya zaɓi ɗaya cikin ɗari, ya rubuta bayanin da ke ƙasa, kuma sau da yawa bayanin ne ke gaya wa ido abin da zai gani. Tun kafin kwamfuta ake wannan aiki: akwai sanannen hoton Stalin a bakin wata mashigar ruwa tare da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan asirinsa. Da aka kashe Yezhov a 1940 sai aka goge shi daga hoton, ruwa ya maye gurbinsa. Yanzu da manhajar ƙirƙirarriyar basira ke haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, tambayar wa ya ɗauka, a ina, yaushe, ta zama rabin aikin ɗan jarida.

To, ina gaskiyar ƙawarki? Tana nan, kuma ba kaɗan ba. Alama in ta yi farin jini, kasuwa kan saye ta. Hoton Che Guevara, ɗan gwagwarmayar juyin juya halin Kuba, da Alberto Korda ya ɗauka a Havana a Maris 1960 ya ƙare a kan riguna da kofuna, har aka sa shi a tallar giya, abin da ya sa Korda ya kai ƙara a 2000. A 2017 kamfanin Pepsi ya fitar da tallar da ta kwaikwayi zanga-zanga, inda wata tauraruwa ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo kowa ya hau murna. Suka sha suka, suka janye ta ba shiri. A 2 ga Yuni, 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar Amurka da ya mutu a hannun ɗan sanda, miliyoyin mutane suka lika baƙin hoto a Instagram don nuna alhini, har baƙaƙen hotunan suka binne bayanan da masu zanga-zanga ke buƙata a ƙarƙashin maudu'in zanga-zangar. Niyya mai kyau, amma dannawa ɗaya ce, washegari kowa ya koma harkarsa.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: me mutumin ya sa a caca? Smith da Carlos sun sa sana'arsu. Ɗaya daga cikin matan da suka kafa zagayen Plaza de Mayo, Azucena Villaflor, an sace ta a Disambar 1977 aka kashe. Da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a gaban abin tunawa da Yahudawan unguwar da 'yan Nazi suka killace a Warsaw, ranar 7 ga Disamba, 1970, ƙuri'ar jin ra'ayi da mujallar Der Spiegel ta buga ta nuna kashi 48 na mutanensa suna ganin ya wuce gona da iri, kashi 41 ne suka ce daidai ne. Ɗan siyasa ne da ke buƙatar ƙuri'un waɗannan mutane. Wanda kuwa ya sa riga mai rubutun gwagwarmaya a wurin da kowa zai tafa masa, ba lalle maƙaryaci ba ne, amma bai biya komai ba, don haka ba mu da hanyar sanin ko da gaske yake. Sai ki duba abin da ya yi kafin rigar da bayanta.

Abu ɗaya da nake so ki cire wa ƙawarki shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka shirya don kyamara na bogi ne. Hoton da aka fi sani na Rosa Parks, baƙar fatar Amurka da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, inda take zaune cikin bas tana kallon taga, ba ranar da aka kama ta a 1955 aka ɗauka ba. An ɗauke shi ne a Disambar 1956, bayan an yi nasarar ƙauracewa bas-bas ɗin Montgomery, kuma Baturen da ke zaune bayanta ɗan jarida ne. An shirya hoton, amma kamun gaskiya ne, tafiyar ƙasa da mutane suka yi fiye da shekara guda ma gaskiya ce. Gandhi da kansa ya tabbatar 'yan jaridar duniya sun san da tattakinsa na 1930 na adawa da harajin gishiri kafin ya taka ƙafa. Neman a gani ba aibi ba ne in akwai abin gani.

Tunda kina riƙe da kyamara, ki san cewa caca ba ta mai ɗauka kaɗai ba ce. Sam Nzima ya ɗauki hoton Hector Pieterson, ɗan makarantar da 'yan sanda suka harbe a Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, wani saurayi mai suna Mbuyisa Makhubo na ɗauke da shi, yayar yaron na gudu a gefe tana kuka. Nzima ya ɓoye fim ɗin a cikin safarsa har ya kai jaridar The World. Hoton ya zagaya duniya, ya ƙara wa masu neman a ƙaurace wa gwamnatin wariya ƙarfi. Nzima ya bar aikin jarida saboda matsin 'yan sanda, an rufe jaridar a 1977. Makhubo kuwa, wanda bai nemi kowa ya ɗauke shi ba, fuskarsa ta zama abin farauta, ya tsere daga ƙasar, kuma bayan 1978 danginsa ba su sake samun tabbataccen labarinsa ba. Yau da manhajar gane fuska ke hannun jami'an tsaro a ƙasashe da dama, in kin ɗauki taron masu bore, ki tsaya ki duba fuskar wa ta fito kafin ki wallafa. Wani lokaci ɗauka daga baya, ko hoton hannuwa da alluna, zai isar da saƙon ba tare da kin miƙa wani ba.