Tsumman da ya sha wanki ya fi sabon yadi

Kai yaro, ka tambaye ni da me matan dā suke tare jinin al'ada, kuma me ya hana mu ɗinka ƙunzugun nan da yadi mai sheƙi tunda ya fi araha. Ajiye almakashin ka saurara.

Da auduga da tsumma suke yi. Tun zamanin Sahabbai haka ne: a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito mata suna aika wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, audugar da suka yi ƙunzugu da ita don ta duba musu ko sun yi tsarki, ta ce kada su yi gaggawa sai sun ga farin kumfa, wato farin ruwan da ke fitowa in al'ada ta ƙare. Matan Turai kuwa tsofaffin rigunan lilin suke yagawa, su ninka, su ɗaura, su wanke su sake amfani. Audugar mata ta kanti sai a shekarun 1880 aka fara sayar da ita a Ingila, audugar mata mai suna Kotex kuma ta fito a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Farko. Matan nan sun san yadi. Wanda ya sha wanki sitacinsa ya fita, ya yi laushi, yana shan ruwa nan take. Sabo kuwa ruwa ya kan zauna a kansa.

Wannan maganar ce ta janyo mini asarar da har yau take ci mini rai. Wata hajiya ta zo da kwangilar ƙunzugu mai wankuwa, wai za a raba wa 'yan makaranta a ƙauye. Ta kawo bandir-bandir na yadi, ta rantse auduga ce zalla. Na zare ɗan zare a gabanta na kyasta ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Na ce mata, Hajiya, roba ce, ba zai riƙe jini ba, zai kuma goge cinyar yara. Ta ce ni tela ne, in yi ɗinki in bar mata sauran. Muka kwana a kan keke ni da yarana, zare da maɓalli duk daga aljihuna. Da ƙorafi ya dawo daga ƙauye, sai ta ce ɗinkina ne ya ɓaci, ta riƙe cikon kuɗina, ta bi kasuwa tana ɓata mini suna. Har gida na bi ta da dattawa biyu, ko ƙofa ba ta buɗe ba. Yaran nan ne suka fi ba ni tausayi, sun je aji da abin da zai kunyata su.

Ku 'yan yanzu ido kawai kuke bi, in abu ya yi ƙyalli a waya shi ke nan. Yankan da ninkin ba sai na koya maka ba. Ɗauko farin yadin can, ka jiƙa shi ka wanke sau biyu, ka shanya a rana, sannan mu yanka.