Mai faci da tukunyar bindigar iska: in sa jarina a ciki?

Wani mai faci da ke bakin titi a Kano ya turo mini tambaya. Ya ce wani kwastomansa ya kawo masa tukunyar iska ta bindigar harbin tsuntsaye da bawul ɗinta sabo fil a leda, wai ya ɗaura masa ya kuma cika ta, zai ba shi naira dubu goma sha biyar. Ya gwada kwamfresarsa a wata tukunyar irinta, allurar geji ko motsi ba ta yi ba. Mutumin ya ce masa abokansa da yawa suna da irin wannan bindiga, babu mai yi musu aikin. Shi kuma ga kwasar adashe ta zo hannunsa, naira dubu ɗari shida. Tambayarsa: ya sayi injin da ke iya cika irin wannan tukunya, ya buɗe sabon layi a shagonsa?

Malam, Allah ya sa albarka a nema. Ni dai a ganina kada ka yi, kuma bawul ɗin nan ka mayar masa da shi yadda ya kawo shi.

Bari mu fara da allurar da ta ƙi motsi, don ita ce ta gaya maka gaskiya kafin ni. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska bar 2 zuwa 2 da rabi (bar ma'aunin matsin iska ne), ta tirela wajen 8, kwamfresarka kuma ƙarfinta ya ƙare a 8 zuwa 10. Tukunyar irin wannan bindiga ana cika ta bar 200, wasu har 300. Wuyan da bawul ke shiga a yawancin tukwanen nan faɗinsa milimita 18 ne, kamar kaurin babban yatsanka. In aka cika ta bar 300, ƙarfin da ke tura bawul ɗin waje ya haura kilo 700. Ka ƙiyasta buhun shinkafa mai kilo 50 guda goma sha huɗu rataye a kan 'yan haƙoran tiredi, wato zaren da ake murɗa bawul a kansa. In ya kuɓuce, ba fashewar taya ba ce da za a yi salati a koma aiki. Ƙarfe ne zai fita kamar harsashi, tukunyar kuma ta yi nata waje, ga almajiranka a tsugune, ga masu Keke a layi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin shi ne kuskurensa ba ya nuna kansa. Tiredin ba iri ɗaya ba ne: akwai awon Turai na milimita, akwai na Amurka na inci. A manyan tukwanen masu nutso a teku, waɗanda masu bindigar ke amfani da su wajen ɗura ƙananan, bawul mai awon M25, wato milimita 25, yana shiga wuyan tukunya mai awon kashi uku cikin huɗu na inci, ya murɗu lafiya lau kamar nasa ne. Sai iska ta hau sannan ya yi tsalle. Ga kuma giris: hannun mai faci ya saba shafa baƙin mai a duk abin da ya yi tauri, to mai na fetur in ya haɗu da iska mai irin wannan matsi yana iya kama wuta a ciki, shi ya sa na silikon kaɗai ake shafa wa zoben robar. Na san kuma wani zai ba ka shawarar ka leƙa wurin mai walda ka ɗura oksijin tunda tasa tukunyar tana da ƙarfi. Wannan kam ko da wasa kada ka saurare shi.

Ita kanta tukunyar tana da wa'adi. A Amurka ana gwada ta da ruwa duk shekara 5, irin wadda aka naɗe da zaren kabon kuma galibi shekara 15 ake ba ta a ajiye ta. Kwanan watan yana jikinta. Kai da wane wurin gwaji za ka dogara in an kawo maka ta hannu wadda rubutunta ya goge?

To mu ajiye haɗari mu yi lissafi, tunda shi ka tambaya. Ɗaura bawul aiki ne na sau ɗaya. Wanda ka yi wa yau ba zai dawo ba sai shekaru. Cika iska ce ke maimaituwa, ita kuma akwai famfon hannu da aka yi don ita, mai kama da na keke, kuma wanda ya iya sayen bindigar ba zai gagara sayensa ba. "Abokaina da yawa" ba kasuwa ba ce. Ka ce masa ya lissafa su da yatsu, ina kyautata zaton hannu ɗaya zai isa. A ce ma mutum goma ne, kowa ya biya dubu goma sha biyar, ka tashi da dubu ɗari da hamsin, kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka, daga nan sai jiran tsammani. Injin kuwa ba ya zama haka nan: yana zafi da wuri, yana son ruwan sanyaya shi, da matatar da ke tsane danshi daga iskar, da wuta tsayayya, wato man janareta. Kayan gyaransa daga waje suke zuwa, da dala. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Sai maganar hukuma, wadda kwastoman bai ɗauko maka ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin bindigogin da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su, gyaran bindiga kuma sai da izini. Ranar da aka kama ɗaya daga cikinsu aka tambaye shi wa ke yi masa aiki, shagonka zai nuna. A yanayin tsaron da muke ciki, bayanin cewa ta harbin kurciya ce sai ka kwana biyu a bayan kanta kafin a saurare shi.

Dubu ɗari shidan nan tana da wurin zuwa a cikin sana'ar da ka riga ka iya. Ka duba abin da kake mayar da mutane a kansa kullum: wanda ya zo da tubles ba ka da kayan liƙi na kirki, mai rim ɗin alminiyam da ke tsoron ka karce masa shi da ƙarfe, ranar da kwamfresa ta tsaya ka wuni ba ko sisi. Ka riƙe littafi mako biyu, duk wanda ya juya ba ka yi masa aiki ba ka rubuta dalili. Wanda ya fi yawa a shafin, can za ka zuba kuɗin, ka bar wani abu a gefe na man inji da haya.

Shi kuma kwastoman, kada ka ɓata da shi, motarsa ai tana da taya huɗu. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ya fi ƙarfin kayana, a mayar wa wanda ya sayar da ita ya ɗaura." In ya ce zai ƙara kuɗi, ka duba masa iskar tayarsa kyauta.